Shirun da Na Yi Miki a Waya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi, 'yata,

Ina gaishe ki da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Gwaggonki Asabe da mutanen gidanta can Abuja, da abokan aikinki waɗanda ban san fuskarsu ba amma suke shiga addu'ata saboda ke. Allah Ya tsare ku a gida da hanya da wurin aiki, Ya raba ku da mai mugun nufi. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar nan da kika sani, wadda take riga kowa sanin hadari zai haɗu a bayan duwatsun Rano.

Ba labarin gari zan ba ki ba. Ranar Laraba bayan la'asar kin kira ni kin ce kamfaninku ya sa sunanki cikin waɗanda zai tura ƙasar waje kwas na wata goma, ku koyo yadda ake sarrafa tauraron ɗan'adam daga ƙasa, da yadda ake karanta hotunan da yake aikowa. Kin ce su za su ɗauki nauyin jirgi da masauki da makaranta, ke kuma ki sa hannu cewa za ki dawo ki yi musu aiki shekara uku. Kin ce ranar Litinin za a rufe karɓar takardu. Sannan kika tsaya kina jirana. Ni kuwa, mutumin da ya yi shekara talatin yana surutu a ofis da majalisa har ana ce masa rediyo, sai na yi shiru. Ina jin numfashinki. Da shirun ya yi tsawo na ce, "To, Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri." Kika ce amin, muka ajiye waya.

Jiya Gwaggonki ta kira ni, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Tukur, me ka ce wa yarinyar nan?"

"Addu'a na yi mata, Yaya."

"To addu'ar taka ta sa ta rubuta takardar janyewa, tana cikin jakarta. Wai ba za ta bar ka kai kaɗai wata goma ba, tunda ba mai zuwa duba ka ƙarshen wata sai ita. Kai jariri ne?"

Na ce ni ba jariri ba ne. Ta ce to in nuna, ta kashe wayarta.

Shi ya sa na zauna rubutu. Ba ni da wata hikima da zan ba ki sai kurakuraina. Su kam ina da su da yawa, kuma na adana su fiye da yadda na adana takardun gidan nan.

Kin san ni ma an taɓa tura ni kwas. Hoton yana nan a bangon falo, ni cikin ƙatuwar rigar sanyi kamar buhun gyaɗa da aka ɗora wa hula. Lokacin ina safiyo, mai awon ƙasa, a ofishin gona, ke kina goye. Aka tura mu wata shida wata ƙasar Turai mu koyi karanta hoton da jirgi ya ɗauka daga sama. Duk wanda ya zo gidan nan ya sha labarin tafiyar. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne abin da na yi da sati ukun farko.

Da wani gilashi mai ido biyu ake aikin. Za ka shimfiɗa hotuna biyu na wuri ɗaya a ƙarƙashinsa ka leƙa. In ya daidaita, sai hotunan su haɗe, duwatsu su taso, kwari ya lotsa, kamar ka kai hannu ka taɓa. Malamarmu, wata tsohuwa mai farin gashi, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko mun gani. Na leƙa. Ban ga komai ba sai hotuna biyu a baje, da ciwon kai. Na ce na gani. Har na ƙara da cewa abin ya ba ni sha'awa ƙwarai. Kin san dalili? A garinmu Fassi an yi mini rakiya har bakin titi, ana cewa ɗan Malam Garba zai je ya nuna wa Turawa ƙwaƙwalwa. Wanda aka yi wa irin wannan rakiya ba ya cewa bai gane ba. Kuma mu a gida haka aka rene mu: in babba ya gama bayani ya ce "ka ji ko?", amsa ɗaya ce.

Sati uku ina zana duwatsun da ban gani ba, ina satar kallon takardar na kusa da ni. Sai wata rana wani gajeren mutum daga wata ƙasar Asiya, wanda Turancinsa bai kai rabin nawa ba, ya ɗaga hannu ya ce shi kam ba ya ganin komai. Ba wanda ya yi dariya. Tsohuwar ta zo ta auna tsakanin idanunsa da 'yar rula, ta matsa gilashin kaɗan, shi ke nan. Na jira aka fita shan shayi, na matsa nawa yadda na ga ta yi, sai ga ƙasa ta taso mini. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba a karatu, amma ba wanda zan gaya wa, tunda a wurinsu na yi sati uku ina gani.

Ki yi tambaya, Ummi. Kamfanin da ya saya miki tikiti bai tura ki don ki kare mutuncin Fassi ba. In an nuna miki yadda ake juya ƙaton farantin nan mai bin tauraro, ko yadda ake aika masa umarni, ba ki gane ba, ki ce a sake. In an sake ba ki gane ba, ki sake cewa a sake. Ni in na yi kuskure takarda ce ke ɓaci. Ke abin da za ki riƙa ba wa umarni yana can inda ba a kafa tsani a hau a gyara.

Na kuma yi wata wauta a can, ƙarama ce amma ta bi ni har yau. Ranar Lahadi abokan karatu sukan tafi yawo tare, su hau jirgin ƙasa, su ci abinci a gidan wannan ko wancan. Tsohuwar ma ta gayyace mu gidanta sau biyu, har ta tambaye ni abin da ba na ci don ta kiyaye. Ban je ba. Na ce ina da karatu. Karatun shi ne in zauna a ɗaki in dafa shinkafa in barbaɗa yajin da mamanki ta daka mini, in tsaya a taga ina kallon ruwan sama yana sauka a kan kekunan mutane. Sannan in ɗauki biro in rubuto gida cewa ina cikin jin daɗi, abokai sun yi yawa. A can na koyi cin abinci ni kaɗai ba tare da na ji abin ya dame ni ba, kuma ina ganin wannan ne kwas ɗin da na fi ci. Ki tafi da yajinki da kukarki, ki kiyaye sallarki da abin da kike sa wa a bakinki, amma in ɗaya daga cikin matan da za ku tafi tare ta ƙwanƙwasa miki ƙofa, ki buɗe. In kewa ta kama ki kuma, ki faɗa mini gaskiya. Na san kamannin waccan ƙaryar, ni na saba rubuta ta.

Da na dawo, ofis ya sayi gilashin guda ɗaya, aka kawo akwatin hotunan yankinmu tun daga Zurgu har Kibiya. Na sa su a kabad, mukulli a aljihuna. Akwai wani abokin aikina Haruna, yana ƙasa da ni da mataki biyu, kullum sai ya tambaya.

"Oga, yaushe za ka nuna mana abin nan?"

"Abin yana da wuya, Haruna. Sai an natsu."

Shekara huɗu ba a natsu ba. Gaskiyar maganar tsoro nake ji. In mutum uku suka iya, wa zai kira ni taro a Kano? Ina jin daɗin in ji an ce a jira Malam Tukur. Aka kuwa jira, har zamani ya gaji ya wuce. Kwamfuta ta zo, hoton tauraro ya zo, Haruna ya koya da kansa bai nemi kowa ba, ni kuma ba ni da bakin cewa ya zauna ya nuna mini. Yau shi ne shugaban sashenmu. Yana gaishe ni da ladabi a baranda, da sallah kuma ya turo mini irin saƙon nan da ake tura wa mutum ɗari a lokaci ɗaya. Hotunan da na kulle, gara ce ta karance su.

Saboda haka in kin dawo, ki buɗe kabad. Ki rubuta abin da kika koya da harshen da na bayanki za su gane, ki zaunar da su a gaban na'ura ki bar su su yi kuskure a gabanki. Maganar shekara ukun da za ki sa wa hannu kuwa, ba zan yi miki wa'azi ba, don ina da son zuciya a ciki, dawowarki ni ta fi amfana. Za ki haɗu da masu ce miki wanda ya fita ba ya komawa, kuma wasu daga cikinsu masu hankali ne. Abu ɗaya kawai zan ce: kada ki sa hannu kan abin da ba ki nufa ba. In kika tsere, ba kamfani ne zai ji ciwo ba. Wata yarinya ce da ke bayanki a layi, wadda za a ce wa an gwada tura mace an gani.

Kuskuren aikin da ya fi zauna mini a rai a Zinyau na yi shi. Za a fitar da 'yar hanyar mota daga cikin gonaki zuwa titi don a riƙa fito da amfani, aka ce in zana inda za ta bi. Na zauna a ofis da gilashina na ja layi miƙaƙƙe, kyakkyawa, irin wanda tsohuwar malamata za ta yi alfahari da shi. Layin ya bi ta kan wani baƙin ɗigo a gefen wata gona. Ɗigon ɗorawa ce. Na je na sami mai gonar na tambaye shi, ya ce a sare, da murnarsa ma, wai inuwarta na hana masa dawa. Na yi mamakin sauƙin kansa. Ban biya ta wajen mai unguwa ba, ina sauri in koma Rano. Aka sare.

Bayan kwana biyu na zo ofis da safe na tarar da wata tsohuwa zaune a ƙofa, ta ajiye ƙwarya a gabanta.

"Kai ne mai gani daga sama?"

"Ni ne, Iya."

"To a hoton naka ba a nuna ɗorawar ta wa ce ba?"

Na ce ai na tambayi mai gona. Ta dube ni irin duban da ake yi wa ɗan maƙwabci da ya taka shanya.

"Gona tasa ce, a hannun ƙanena ya saya. Itacen nawa ne. Da aka raba gadon babanmu, rabona a kan ɗorawar nan ya faɗa. Da kalwarta nake daddawa."

Ni ɗan Fassi ne, Ummi. Na san ana sayar da gona a bar itace ga mai shi. Kakata ma tana da tsamiya a gonar da ba tamu ba, mu muke zuwa kaɗo mata. Na san wannan tun kafin in iya rubuta sunana. Wata shida a Turai da gilashi ɗaya ne suka mantar da ni. Na ce mata za a duba.

"Duba me, ɗana? An riga an faskare."

Ta buɗe ƙwaryar ta sa mini dunƙulen daddawa ɗaya a hannu, ta ce ta bana ce, ita ce ta ƙarshe, in kai wa matata. Ban iya kai ta gida ba.

Tauraronku ya fi jirgina gani nesa ba kusa ba. Na karanta littattafan da kika bari a ɗakinki, har waɗanda ban gane rabinsu ba. Na san zai nuna miki inda ruwa ya kwanta, da inda shuka ta kama, da inda burtali ya ƙuntace har shanu ba sa iya wucewa. Amma ba zai nuna miki abin na wa ne ba. Duk layin da za a ja da hotonki, ki nace sai wani ya sauka ya cire takalmi ya yi sallama ya tambaya. In ba wanda zai je, ki je da kanki.

Duk wannan da na rubuta kewaye-kewaye ne, kin san halina. Ga abin da ya zaunar da ni.

Kina aji uku a firamare, ƙaninki Nura yana rarrafe, mamanki Hajara tana aikin ungozoma a ƙaramin asibitin da ke wajen Kibiya. Wata rana ta kawo mini tuwo, ta ajiye wata takarda a gefen kwano. Wajen aikinsu sun zaɓe ta kwas na wata shida a wata ƙasar Afirka ta Gabas, komai a wuyansu. Ta riga ta yi magana da kakarki, ta yarda za ta riƙe ku. Na karanta takardar sau biyu. Na nuna mata wata kalmar Turanci da suka rubuta ba daidai ba. Sannan na ce, "Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Ban ƙara komai ba. Kwana uku ina rage tuwo a kwano, in ta yi magana in amsa da kalma ɗaya, in ta shigo falo in ƙara muryar rediyo. Ni da na tafi na bar ta da goyo wata shida, ba ta taɓa rage lomar tuwo don in ji nauyi ba. Rana ta huɗu ta je ta ce a ba wata. Ni kuma na sami abin faɗa a majalisa, cewa ni ba irin mazan nan ba ne masu hana matansu ci gaba, ita ce ta ga yara sun yi ƙanana.

Ba ta sake tayar da maganar ba. Sai shekaru bayan nan, muna zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, aka ambaci matar da ta tafi a madadinta, wadda ta zama babba a Kano. Na ce, don in wanke kaina, "Ai ke ma ban hana ki ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "E, Malam, ba ka hana ni ba. Da ma hana ni ka yi, da na san da wanda zan yi fushi."

Ta ci gaba da tsintarta. Bayan rasuwarta, da muke gyara akwatinta da Gwaggonki, muka ga fasfo a ƙasan zannuwa. Ashe har ta yi shi kafin ta kawo mini takardar. Duk shafukansa farare ne.

Ranar Laraba na ji kalmomin nan sun sake fitowa daga bakina, iri ɗaya, har sautin. Addu'a ce mai kyau, ba laifinta ba ne. Amma ni da ke mun san abin da uba yake nufi in 'yarsa ta zo neman izini ya ba ta wannan maimakon ya ce ta je Allah Ya yi albarka. Yana nufin a'a, kuma yana so ita ce za ta ɗauki nauyin furta hakan. Ke kuma halin mamanki kika gado, kin ji abin da ban faɗa ba, kin je kin rubuta takarda.

Ba zan yi miki ƙarya ba, gidan nan ya yi mini girma. Shekara biyu ke nan ina sa ruwan shayin mutum biyu in zubar da rabi. Nura yana Zariya, in ya kira minti uku ne, biyu daga ciki maganar ƙwallo. Matar maƙwabci tana aiko da abinci, ina ci da rediyo. In ƙarshen wata ya kusa nakan share ɗakinki tun Alhamis, in aika a sayo nonon da kike so wajen Fulanin bayan gari, in riƙa fita ƙofar gida kamar mai duba yanayi. Wata goma ba wannan, zai yi mini nauyi. Amma wannan nauyin nawa ne. Na ɗora shi a kan mace ɗaya ta ɗauka har kabari ba ta yi ƙorafi ba. Ba zan ɗora wa ta biyu ba.

Don kada in sami hanyar zillewa, yau da safe na je majalisar Alhaji Ɗanjuma mai taki na sanar cewa za ki tafi kwas ɗin tauraro.

"Malam Tukur, ashe Ummi duniyar wata za ta tafi?"

"Ba inda za ta hau sai kujera, Alhaji, a gaban kwamfuta."

"To in kujera ce, ta ƙare a Abuja ne? Kuma kai wa zai riƙa duba ka?"

Na ce ai ga shi, tunda ya tambaya. Aka yi masa dariya, ya ce shi bai ɗauki wannan kwangila ba, amma ya ce in riƙa zuwa cin tuwon Juma'a a gidansa, da sharaɗin ba zan ba da labarin Turai ba. Kin san abin da aka faɗa a wannan majalisa kafin azahar ya kai Fassi. Yanzu in kika fasa, ni za a yi wa dariya, kuma na tsufa da wannan.

To ga shi a rubuce, da hannuna, ba kewaye. Na amince. Ki je. Allah Ya yi miki albarka a tafiyar da karatun da dawowar. Ki yaga takardar da ke jakarki, ki sa hannu a ta kamfani tun da safe ranar Litinin.

Zan ɗauki hoton shafukan nan da waya in turo miki, in sun fito a karkace ki yi haƙuri. Roƙo ɗaya nake yi: kada ki kira ni sai kin sa hannu. Na yarda da birona, amma ban yarda da muryata ba, kuma kunnenki ya cika kaifi. In kin kira kafin nan ba zan ɗauka ba. Bayan nan ki kira, ko shiru na yi, ya riga ya makara.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a sama da ƙasa, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba ki san kowa ba, Ya buɗa miki abin da kika je nema, Ya dawo mana da ke cikin aminci. Allah Ya ji ƙan mamanki, Ya yafe mini abin da na yi mata. Ki gaida Gwaggonki, ki ce mata na nuna.

Wassalam.

Babanki,
Tukur